Hankali da Aikatau da Suka Rako Shi Zuwa Briqueterie

 

Kowace kalma tana da abokan tafiya. Ba a cewa an sha tuwo, ba a cewa an ci kunu. Haka lamarin yake ga kalmomin da muke bayyana duƙufar zuciya a kan abu guda da su, wato hankali da natsuwa da tunani. Kowace tana da aikatau da ta saba tafiya da su, kuma a cikinsu akwai tarihin da ya kamata mu Hausawan Yawunde mu sani.

Masana harshe sun nuna cewa "hankali" daga Larabci ta fito, daga kalmar "aƙal". Ba mu kaɗai muka are ta ba: Barebari suna cewa "hangal", Fulani "hakkillo", masu Suwahili "akili". A Larabci tushenta ɗaya ne da "iƙal", igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita. Ke nan tun a asali, hankali abu ne mai ɗaure mutum kada ya ɓace. Kalmar ta shigo mana tare da Musulunci da karatunsa, wanda Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo birnin a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14.

Sunan baƙo ne, amma aikatau da aka haɗa shi da su 'yan gida ne. Mu duba su da kyau. Muna cewa "mai da hankali", kuma ba a mai da abu sai wanda ya bar wurinsa. Muna cewa "tattara hankali", kuma ba a tattara abu sai wanda ya watse. Ana jawo hankali, ana ɗauke shi, ana raba shi, yana tashi, ana kwantar da shi. Duk waɗannan kalmomin makiyayi ne. Kakanninmu sun ɗauki hankali tamkar dabbar kiwo, wadda in aka yi sakaci sai ta faɗa gonar wani. Balarabe ya ba mu igiya, Bahaushe ya ƙara da sanin kiwo.

Natsuwa kuwa daga ruwa take, 'yar uwar nutsewa ce. Wanda ya natsu kamar ruwan randa ne da gurɓinsa ya kwanta. Shi ya sa ake samun natsuwa, ba a fizgo ta. Tunani ma haka: ana zurfafa shi da gangan, amma ana faɗawa cikinsa ba da niyya ba, har a ce tunani ya tafi da wane. Sai kishiyarsu, shagala, wadda ita ma daga Larabci take. Mai shagala ya duƙufa ƙwarai, sai dai a kan abin da ya ɗauke shi daga abin da ya fi muhimmanci. G. P. Bargery ya tattara da yawa daga irin waɗannan maganganu a ƙamusunsa na 1934, amma tun kafin nan suna bakin malamai da iyaye mata.

Yaya aka yi suka iso nan? Bayan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba Modibbo Adama tuta a farkon ƙarni na 19, hanyar kudu ta buɗe. Fatake Hausawa suka bi ta Yola, suka zarce Ngaundere da Banyo da Tibati da Yoko, suna neman hauren giwa da goro, daga baya roba. Malamai suna cikin ayarin, da allo da gafaka. Jamusawa suka kafa barikinsu a Yawunde gab da 1890, fatakenmu suka sauka kusa da shi. Jamusawa suka fita a 1916, Faransawa suka mai da garin hedkwata. A ƙarshe zangon Hausawa ya tabbata a wurin da Ewondo suke kira Ekudu, wanda masana'antar bulo ta ba shi sunan Briqueterie.

A wannan unguwa aikatau ɗin nan suka sami wuraren zama guda uku. Na farko makarantar allo. Yara talatin suna karatu da ƙarfi, kowa da surarsa, amma ana so kowane ya ji muryarsa shi kaɗai. Malam bai da wani umarni da ya wuce "mai da hankali kan allonka", kuma a wannan hayaniya aka horar da mahaddata. Na biyu zauren ilimi, inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Babin rafkanuwa a Ahalari, da sujjadar ƙabli da ba'adi, darasi ne a kan abin da za a yi idan hankali ya sulale a tsakiyar salla. Daga nan muka koyi "halartar da zuciya", fassarar abin da Imam Gazali ya yi dogon bayani a kansa a cikin Ihya'u. Na uku wurin sana'a. Telan da yake aikin wuyan riga da mahaucin da yake yanka naman tsire, wanda duk Yawunde ke zuwa saye da sunan soya, sun san cewa raba hankali na ƙiftawar ido yana iya ɓata shadda ko ya taɓa yatsa. Nan karin maganar ta tabbata: hankali ke gani, ido gululu ne.

Bayan samun 'yancin Kamaru a 1960, 'ya'yanmu suka yawaita a makarantun Faransanci, kuma wannan alheri ne. Sai dai yau muna jin yaro yana cewa "ban konsantire ba", ko uwa ta ce wa ɗanta "ka yi atansiyon". Kalma ɗaya tana neman haɗiye goma. Aron kalma ba laifi ba ne, hankalin kansa aro ne. Abin tsoro shi ne ɓacewar bambanci. Yaron da hankalinsa ya rabu yana bukatar a ɗauke masa wayar da ke hannunsa. Wanda hankalinsa ya tashi yana bukatar a tambaye shi abin da ke damunsa. Wanda ya faɗa tunani yana bukatar a zauna kusa da shi. Wanda ya shagala yana bukatar tunatarwa. Idan duka huɗun suka zama "bai konsantire ba", magani ɗaya za a ba su, kuma yawanci tsawa ce ko bulala.

Saboda haka muna roƙon iyaye da malaman Islamiyya, daga Briqueterie har Tsinga, su riƙa furta waɗannan kalmomi cikakku a gaban yara, kowace a muhallinta. A tambayi tsofaffin da suka rage yadda malamansu suke faɗa, a rubuta. Wanda ya san wata magana da ba mu kawo ba, ya ajiye mana ita a ƙasan wannan rubutu domin kowa ya amfana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sha doguwar tafiya, Ya ba mu natsuwa a salla da karatu da sana'a. Amin.