Takardar saki: daga malaman Kurɗuba zuwa kotun Madarunfa

Ya ku ƴan'uwa masu sallah tare da mu, sau da yawa nakan ji ana cewa rubuta saki a takarda al'adar Nasara ce. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba.

Aya ta biyu a Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umurni da kafa shaidu biyu adalai. Malaman Malikiyya kuwa sun mayar da rubuta shaidar aure, saki da ciniki fanni mai zaman kansa, wanda suka kira ilimin wasiƙu. Ibnul Aɗɗar na Kurɗuba, wanda ya rasu a shekara ta 399 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kansa. Ibnu Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 829, ya tsara Tuhfatul Hukkam domin alƙalai, kuma har yau ana karanta ta a zaurukan Katsina da Maraɗi. Tun kafin Faransa ta taka ƙasar nan, da irin waɗannan littattafai alƙalanmu suke hukunci.

Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar tsarin shari'a ta 1962 ta bar aure, saki da gado a ƙarƙashin al'adar masu ƙara, wadda a wurinmu fiƙihun Malikiyya ne ginshiƙinta. Shi ya sa alƙali ke zama da mataimaka masana al'ada, galibinsu malamai. Dokokin 2004 da 2018 sun ci gaba a kan wannan turba. Mai gari da sarki aikinsu sulhu ne. Idan sulhu ya ƙi, miji ya je kotu a tabbatar da sakin da ya yi, a ba da takarda. Matar da ke neman rabuwa ita ma can za ta kai ƙararta. Daga nan a rubuta a rajistar ma'aikatar magajin gari.

Me ya sa magabata suka damu da wannan? Domin hukunce-hukunce da yawa sun rataya ga rana da adadi. Daga ranar saki ake lissafin idda: tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta haila, ko haihuwa ga mai ciki. Idan miji ya rasu cikin iddar sakin kome, matar tana da gado. Idan saki ya cika uku, babu kome sai ta auri wani.

Yau mutum yana ci-rani a Najeriya, ya saki matarsa ta waya, bayan shekara ya dawo ya musa. Ita ba matar aure ba, ba bazawara ba. Wannan zalunci ne.

Saki yana aukuwa da lafazi ko da babu takarda, amma takarda ita ke tsare haƙƙi ranar da aka yi musu. Wanda ƙaddara ta kai shi ga rabuwa, ya kira shaidu biyu, ya rubuta rana da adadi, ya je kotu, ya damƙa wa baiwar Allah takardarta.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Wallahu a'alam.