Yadda Gana Ta Yi Ta Neman Masu Jinya Don Ƙauyuka

Da yawa daga cikin mazauna Madina da Nima da Maamobi asalinsu arewacin Gana ne. Sun san abin nan da kyau: tsoho ya kwanta ciwo a ƙauye, sai a ɗauko shi a mota, tafiyar yini guda, a kawo shi Akra wurin 'ya'yansa, domin a nan likitoci suke. Tun da Gwamna Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a 1923, masu ilimin magani sun fi taruwa a kudu.

A arewa kuwa, asibitocin mishan sun ɗauki babban kaso na wannan nauyi, kamar na Baftis a Nalerigu wanda aka buɗe a 1958, da na Bawku da na Jirapa. A 1967 asibitocin ikkilisiyoyi suka haɗu a ƙungiyar CHAG, daga baya gwamnati ta riƙa biyan albashin yawancin ma'aikatansu. Likitocin Kuba ma sun zo tun shekarun 1980, aka tura da yawansu arewa.

Amma babban gwaji a Navrongo aka yi shi, a 1994. Maimakon nas ta zauna a asibiti tana jiran marasa lafiya, sai aka kai ta cikin ƙauye. Mutanen gari suka gina mata ɗaki da hannunsu, hukuma ta ba ta babur da magunguna, tana bin gida gida, tana yi wa yara allurar rigakafi, tana duba masu juna biyu. Sarki da dattawa su ne suka karɓe ta a bainar jama'a, don haka ba ta zama baƙuwa ba. Mutuwar ƙananan yara ta ragu ƙwarai. Gundumar Nkwanta ta gwada, abin ya yi, sai a 1999 gwamnati ta mai da shi tsarin ƙasa duka, ana ce da shi CHPS.

Kai ma'aikaci ƙauye ya fi riƙe shi sauƙi. A waɗannan shekaru nas-nas da likitoci suna ta ƙaura zuwa Ingila da Amurka. A 1998 gwamnati ta fara biyan alawus na ƙarin sa'o'in aiki, amma na birni da na ƙauye duk suna samu, saboda haka bai ja kowa zuwa karkara ba. A 2004 aka fito da wani alawus musamman domin masu aiki a gundumomin da aka bari baya. Dabara ce mai kyau, sai dai kuɗin bai riƙa zuwa kan lokaci ba, bai kuma daɗe ba ya tsaya. Ga shi kuma nas ba kuɗi kaɗai take dubawa ba. Tana tambayar ruwa da wuta, da makarantar da 'ya'yanta za su shiga, da ko za a tuna da ita ranar ƙarin girma.