Fuskar Sarki a Tafin Talaka

Mafi yawan talakawan daular Rum sun rayu sun mutu ba su taɓa ganin sarkinsu ido da ido ba. Duk da haka sun san hancinsa da haɓarsa, domin kullum fuskarsa tana cikin tafin hannunsu. Zinariya ta manya ce, da azurfa ake biyan soja, tagulla kuwa kuɗin mai gurasa ce da ɗan dako. Shi ya sa nake ganin mai tara tsoffin tsabar tagulla ya fi kusantar kasuwar Rum a kan wanda ya adana zinariyarta.

Wajen shekara ta 23 kafin Miladiyya ne Sarki Agustus ya daidaita tsarin. Ƙaramar tsaba mai suna as, guda huɗu ke yin sestertiyus ɗaya, mai nauyin kimanin giram 25. Sestertiyus huɗu kuma ke yin dinariyus ɗaya na azurfa. (Daga sunan nan kalmarmu ta dinari ta fito, ta hanyar Larabci, ko da yake kafin ta iso mu ta riga ta koma zinariya.) Wani rubutun bango a birnin Fomfei ya nuna cewa as ɗaya yakan sayi kofin giya.

Bayan tsabar kuwa allon shelar fada ne. Nero ya sa an zana masa tashar jiragen ruwa ta Ostiya, cike da jirage. A shekara ta 71 Miladiyya, bayan an rusa Urushalima, Fesfasiyan ya buga hoton wata mace zaune a gindin dabino tana makoki, wato ƙasar Yahudiya ke nan da aka ci da yaƙi. Masu mulki sun san ƙarfin wannan allo, har ma masanin tarihi Kasiyus Diyo ya ruwaito cewa bayan kisan Kaligula, Majalisar Dattawa ta yi umarni a narkar da tagullar da ke ɗauke da fuskarsa.

Sai dai rubutu na fada ne, nauyi kuwa ba ya fadanci. Tsabar da Diyokletiyan ya fitar wajen shekara ta 294 ta kai giram 10, amma kafin a cika shekara talatin ta rame zuwa kimanin giram 3. Kirarin da ke jikinta bai rame tare da ita ba: a shekara ta 348 ma tsabar tana shelar dawowar zamanin jin daɗi. Don haka mai tarawa na ƙwarai yakan ɗora tsaba a kan ma'auni kafin ya gaskata abin da ta faɗa. Ba ya kuma goge koren tsatsar da ƙarnoni suka lulluɓe ta da shi, domin in aka kankare shi, sau da yawa har da haruffan sunan sarkin yake tafiya.