Asalin Saɓanin da ke Tsakanin Na'ura da Na'ura

Ɗalibin da ke zaune a Gbalahi, can gefen birnin Tamale, wanda ya rubuta manhaja a kan kwamfutarsa mai ƙwaƙwalwar Intel, ya zo harhaɗa ta domin wayar salula mai ƙwaƙwalwar ARM, manhajar tarjama ta yi masa tutsu ta zubo kurakurai jere, to ya sani wannan mas'ala ta girme shi, ta kuma girmi wayar da ke hannunsa nesa ba kusa ba.

A zamanin farko kowace na'ura da lugarta, abin da aka rubuta wa ɗaya ba ya amfanar ɗaya. Har Unix, wadda aka ƙaga a Bell Labs ta Amurka cikin 1969, haka ta faro, sai a 1973 Dennis Ritchie da Ken Thompson suka sake rubuta ta da harshen C, wanda ake iya tarjama shi ga na'urori dabam-dabam. Amma da aka zo ƙaurar da ita daga na'urar PDP-11 zuwa na'urar Interdata a 1977, sai asiri ya tonu, domin marubuta sun gina aikinsu bisa zato, ba bisa yaƙini ba: sun ɗauka faɗin lamba da faɗin adireshin ma'adana ɗaya ne a ko'ina, alhali kuwa ba haka al'amarin yake ba. Daga wannan wahala Stephen Johnson ya fito da lint, mai binciken irin waɗannan illoli. Akwai kuma saɓanin jeranta baiti, wasu na'urori su fara da babba, wasu da ƙarami, har wani malami mai suna Danny Cohen ya wallafa maƙala a 1980 yana neman sulhu tsakanin mazhabobin biyu, ba a kuwa sami ijma'i ba.

Fitinar ta sake tasowa a 2003 da kamfanin AMD ya kawo nasa tsarin na bit 64, haka nan a 2020 da Apple ta bar Intel ta koma ARM.

A ganina galibin laifin na marubuci ne. Saboda haka, ya kai ɗalibi, fara da kuskuren farko da aka nuna maka, domin sau da yawa sauran rassansa ne; tabbatar da na'urar da ka nufa da tarjamar; kowane ɗakin karatu na manhaja da aka harhaɗa domin x86, wato tsarin Intel, sake harhaɗa shi domin ARM tun daga tushensa.