Ƙudan Fatsa: Gashin Tsuntsu, Siliki da Amana

Kifin salmon na Tekun Atilantika yana da ɗabi'a mai ɗaure kai. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi ƙiba, sannan ya komo kogin nan don ya zuba ƙwai. Da zarar ya shigo ruwan kogi, ya bar cin abinci ke nan. Duk da haka, in aka gifta masa ƙugiyar da aka yi wa ado da gashin tsuntsu, wani lokaci sai ya kai mata cafka. A kan wannan cafka aka gina sana'ar ɗaura ƙudan fatsa, wadda ta kai ƙololuwa a Birtaniya da Ayaland zamanin Sarauniya Biktoriya.

Da farko ƙudajen kogunan Sikotland ba su da ƙyale-ƙyale: ulu ne da gashin talotalo ko na agwagwar daji. Masu ɗaurin Ayaland ne suka shigo da launuka masu ɗaukar ido. Ɗayansu, William Blacker, mai shago a unguwar Soho ta Landan, ya fitar da littafinsa a 1842. Jiragen ruwan daula na sauke gashin tsuntsaye daga Indiya da Afirka da Kudancin Amurka don hulunan mata, masu ɗauri kuma suna tsintar nasu a wannan kasuwa.

Wajen 1850 Jock Scott, mai yi wa wani basarake jagorar fatsa a Kogin Tweed, ya ɗaura ƙudan da har yau ake kira da sunansa. Rabin jikinsa silikin rawaya ne, rabi baƙi, an naɗe da zaren azurfa. Akwai gashin jimina a gindi, na zabuwa a maƙogwaro, na kazar dajin Indiya a gefe, ga fiffiken da aka haɗa da silin gashin tsuntsaye daban-daban har suka kama juna kamar ɗaya. George Kelson ya tattara ɗaruruwan irin waɗannan tsare-tsare a 1895, Pryce-Tannatt ya biyo baya a 1914.

Sai dai littafi jerin kaya kawai yake ba ka. Yadda ake matsa zare ba tare da fiffike ya karkace ba, sai an zauna kusa da wanda ya iya. Tarihin Megan Boyd ya nuna haka. An haife ta a 1915, ta tashi kusa da Brora a arewacin Sikotland. Tana yarinya wani mai gadin dajin farauta, Bob Trussler, ya riƙa ba ta ƙuda ta warware, ta sake ɗaurawa a kan ƙugiyar da ta fi ƙanƙanta. Ta shafe shekaru kusan hamsin tana aiki a ɗan gidanta na Kintradwell, mafi yawansu babu lantarki, kuma ba ta kamun kifin da kanta. Masu fatsa daga ƙasashe da dama sukan tsaya su zauna su yi hira tana ɗauri. Cikinsu har da Yarima Charles, wanda daga ciniki suka zama abokai. A 1971 aka ba ta lambar yabo ta daula. Ta rasu a 2001, bayan ta koyar da yara da dama na yankin.

Kafin rasuwarta masu kamun kifi sun riga sun koma ƙudajen gashin dabba masu sauƙi, waɗanda kifi ke cafka ba tare da bambanci ba. Dokar Birtaniya ta 1921 ta hana shigo da gashin tsuntsaye da yawa, yarjejeniyar CITES ta 1973 ta ƙara tsuke ƙofar. Tsoffin ƙudajen suka tashi daga kogi suka koma cikin gilashi a bango. Abin da ya riƙe sana'ar shi ne masu sha'awa da ke aika wa juna ƙugiya da ɗan gashi ta gidan waya, suna haɗuwa a bajekoli, suna koya wa juna rina gashin talotalo ya maye gurbin wanda aka hana.

Wannan zumuncin ya gamu da jarrabawa a 2009. Edwin Rist, matashi Ba'amurke mai koyon busa sarewa a Landan kuma gwanin ɗauri, ya fasa gidan adana kayan tarihin halittu da ke Tring, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasunsu Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su. Ya ciccire wa da yawa takardun da ke nuna wuri da ranar kamu, abin da ya raba su da amfaninsu ga kimiyya, ya sayar wa 'yan'uwansa masu ɗauri. An kama shi a 2010, kuma har yau ba a dawo da dukkan fatun ba.

Daga nan tambayar da a da ake jin nauyin yi wa aboki ta zama dole: wannan gashin daga ina? Wasu abokantaka sun mutu a kanta. Waɗanda suka rage su ne na mutanen da za su iya amsawa ba tare da sun kawar da kai ba.