Bin Sawun Kaka Ɗan Mazan Jiya: Tsakanin Takardun Turawa da Bakin Dattawa

A gidaje da dama na ƙasar Hausa, in aka tambayi jika labarin kakansa soja, amsar ba ta wuce "ai ya je yaƙin Bama". Wace bataliya ya shiga, yaushe ya tafi, ina ya gwabza, duk sun bi ruwa. Matsayin wannan maƙala shi ne ana iya cike giɓin, amma sai an haɗa takardun da Turawa suka bari da abin da dattawan gida suka riƙe a ka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sanin tafiyar rundunar da kaka ya shiga yana da muhimmanci. Sojan da Lugga ya harhaɗa a 1897 su ne tushen rundunar Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen barikinta shekaru da yawa. A 1941, a yaƙin Habasha, birged ɗin Nijeriya ta ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya. A 1943 aka kai Runduna ta 81 Indiya, ta fafata da Japan a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, birged ɗinta ta 3 kuwa ta bi dakarun Chindit na Janar Wingate. Runduna ta 82 ta biyo baya, su biyun suka kama Myohaung a Janairun 1945. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Chindit a Zariya, daga wannan yaƙi suka samo sunayensu. Saboda haka sunan wuri ɗaya tak da wata tsohuwa ta tuna yana iya nuna rundunar da kaka ya bi.

Takardun kuwa suna da nasu rauni. Akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari, ya bar na uba, har a sami mutane da yawa masu suna ɗaya a bataliya guda. Wasu ma ba Hausawa ba ne, sun ari sunan Hausa ranar shiga. Kundayen yaƙi na kullum da ke gidan adana takardu na Kew a Ingila sun fi ambaton hafsoshin Turawa da suna, baƙaƙen sojoji kuwa sai a adadi. Lambobin yabo irin su Tauraron Bama akasari ba a zana sunan mai su a jiki ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ma ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba.

Don haka daga cikin gida bincike zai faro. Takardar sallama da ke ƙasan adaka tana ɗauke da lambar soja, wadda ita ce ke bambanta kaka da takwarorinsa. In kuwa bai dawo ba, sai a duba rajistar waccan hukuma a intanet, wadda ta ƙunshi sunaye kusan 27,000 na allon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Daga nan sai Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, da Gidan Arewa, da tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939. Abin da takarda ba ta faɗa ba, wato ko da son ransa ya tafi ko hakimi ne ya miƙa shi, wa ya riƙe iyalinsa, da wane hali ya dawo, yana bakin 'ya'yansa da ƙannensa. Sai dai baki yakan cuɗa yaƙin Habasha da na Bama, kuma takarda ce ke warware shi.

Akwai masu cewa bai kamata a ɗaukaka mutanen da suka yi wa ɗan mulkin mallaka yaƙi ba. Amma bincike ba kirari ba ne. Ta hanyarsa ne za a gane yadda aka ɗebe su, da abin da aka biya su, da alkawuran da aka saɓa. Sa'adu Zungur, mai adawa da mulkin mallaka, shi da kansa ya yi musu waƙar Maraba da Soja.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 an haife shi ne a 1925, 'ya'yansa ma yanzu tsofaffi ne. Ina kira ga sassan tarihi na jami'o'inmu su tura ɗalibai unguwanni da ƙauyuka su naɗi muryoyin nan, su ɗauki hoton takardun sallama. Kai kuma mai karatu, in akwai ɗan mazan jiya a zuriyarku, ka zauna da dattijon gidanku tun yana da ƙarfin ba da labari.