Tarihin Gano Wurin Karo a Cikin Ruwan Zenon

A shekarar 1933 wani masanin taurari, Fritz Zwicky, ya lura cewa nauyin abin da ido ke gani a sararin samaniya bai isa ya riƙe dandazon taurari wuri guda ba, ya ce lalle akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi wanda ba ya ba da haske. Binciken Vera Rubin a shekarun 1970 ya ƙarfafa wannan magana. Daga nan masana suka shiga neman ƙwayoyinsa.

Dabarar ita ce a cika tukunya da iskar zenon wadda aka sanyaya har ta zama ruwa, a kai ta ƙarƙashin ƙasa, a jira wata ƙwaya ta yi karo da zarrar zenon. Amma duwatsu da ƙarfen tukunyar kansu suna fitar da tartsatsi mai kama da abin da ake nema. Saboda haka sanin an yi karo bai wadatar ba, sai an san inda aka yi shi.

Maganin ya faro daga wurare biyu. A 1970 Boris Dolgoshein da abokan aikinsa a Mosko suka nuna ana iya jawo elektiron daga cikin ruwa zuwa iskar da ke bisansa. A 1974 kuma David Nygren a Berkeley ta Amurka ya ƙago na'urar da ke auna wuri ta hanyar lokaci.

Ga yadda abin yake. Idan aka yi karo, sai wani ɗan haske ya ƙyasta nan take, elektiron kuma su kuɓuce, ƙarfin lantarki ya ja su sama. Da isarsu cikin iskar sai haske na biyu ya tashi. Tazarar lokaci tsakanin haskokin ita ke nuna zurfi, kamar yadda ake gane nisan hadari daga jinkirin tsawa bayan walƙiya. Idanun na'ura da aka jera a sama kuwa, waɗanda suka fi samun haske su ke nuna gefen da abin ya auku.

Da yake ruwan zenon ya kusa ninka ruwan sha sau 3 a nauyi, yawancin tartsatsin waje kan tsaya kusa da bango. Sai a yar da duk karon gefe, a riƙe na tsakiya. A 2007 na'urar XENON10 da ke Gran Sasso ta Italiya ta dogara da kilo 5.4 kacal daga cikin 15. A 2022 na'urar LZ da ke Dakota ta Kudu ta yi aiki da tan 5.5 daga cikin 7.

Har yanzu ba a kama ɓoyayyen abin ba. Sai dai kowace na'ura ta rage masa maɓoya, kuma an amince da sakamakonta ne domin tana iya nuna wurin kowane karo.